Tafiya Neman Ungulu



Akwai karin magana guda uku waɗanda mu ke tsammani babu ɗayanku da bai taɓa ji ba. In aka ga mutum yana ta kai da kawowa a wuri, aka tabbata akwai abin da ya ke haƙo, sai a ce, "Ungulu ba kya jewar banza." In mutum ya bar wani hali, kwana kaɗan ya sake komawa gare shi, sai a ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. In kuwa aka cuci wani a ciniki, aka ba shi mummunan abu da sunan kyakkyawa, sai a ce an yi masa ungulu da kan zabo. Mutane ba su kan ɗauki tsuntsu su sa shi cikin maganarsu ta yau da kullum ba sai wanda su ke gani safe da yamma. Watau waɗannan karin magana shaida ne cewa ungulu maƙwabciyar kakanninmu ce, a ƙofar gidansu ta ke.

To, ga tambaya. Ku da ku ke karanta wannan shafi, su nawa ne cikinku suka taɓa ganin ungulu da idonsu, mai rai, tana jewa a sama? Mun yi wa yaran ajinmu a Gyaɗi-Gyaɗi wannan tambaya, aka yi tsit. Can sai wani ya ce ya gan ta a hoto cikin littafi. Wani kuma ya ce ya taɓa ganin busasshen kanta a shimfiɗar mai magani a kasuwa, tsakanin fatar damo da ƙayar beguwa. Iyakar abin da aji guda ya sani ke nan game da tsuntsun da sunansa bai bar bakin iyayensu ba.

Muka ga ya kamata mu tambayi waɗanda suka zauna da ita. Muka ɗauki yara kaɗan muka tafi kasuwar Tarauni, wajen 'yan nama, muka sami wani dattijo wanda ya gaji fawa kaka da kakanni. Bayan mun gaisa muka ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin ungulu?" Ya ajiye wuƙa, ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sa'an nan ya ce, "Wallahi Malam, ka tambaye ni abin da ban taɓa tambayar kaina ba. Da muna samari, in an yi yanka a kwata, sai an tsai da yaro da sanda yana korarsu, in ba haka ba su fizge hanji a hannun mutum. Kan kowace katanga suna jere kamar masu jiran sadaka. Amma ranar da suka tafi, ban sani ba. Ba su yi mana sallama ba."

Wannan magana ta dattijo ita ce kan labarinmu. Abin da ya yi yawa ba a ƙirga shi, abin da ba a ƙirga ba kuwa ba a sanin ranar da ya fara raguwa. Mu kanmu muna yara mun riski sauransu, bibbiyu uku-uku, a kan itatuwan da ke kusa da mayanka. Birni ya yi ta girma, gonakin da ke tsakanin Tarauni da Hotoro da Darmanawa suka zama gidaje, kowa yana ta harkarsa, ba wanda ya ɗaga kai ya duba sama.

Ungulu iri-iri ce. Wadda mu ke magana a kanta ita ce ungulun gari, ɗaya daga ƙananan cikinsu, mai siririn baki, wadda ta saba da mutane. Akwai manyan ungulayen dawa, cikinsu har da wadda tsofaffi ke kira miki ko mikiya. Ita wannan babu tsuntsun da aka tabbatar ya fi ta nisa a sama, gama a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a kan birnin Abijan, jirgin yana tafe a ƙafa 37,000. Amma ungulun gari ita ce ta karin magana. A farkon shekarun 1970 wani Bature malamin makaranta, Peter Mundy, yana koyarwa a Sakkwato, ya ga yadda su ke cika mayanka, ya shiga ƙirga su yana bin sheƙoƙinsu yana rubutawa. Daga wannan ɗan aiki na bayan an tashi daga makaranta ya zama ɗaya daga manyan masanan ungulu na duniya, har shi da abokan aikinsa suka fitar da babban littafi a kan ungulayen Afirka a 1992. Ba don irin wannan rubutu ba, da yau ba mu da abin da za mu auna jiya da shi sai tunanin tsofaffi.

Akwai ƙungiya ta duniya mai suna IUCN, aikinta lissafin halittun da ke neman ƙarewa. Shekaru da yawa ungulun gari tana cikin jerin waɗanda ba a jin tsoron kome a kansu. A 2011 aka mai da ita jerin waɗanda ke cikin haɗari. A 2015 aka sake matsar da ita zuwa jeri na ƙarshe, watau waɗanda ke bakin ƙarewa, tare da mikiya da wasu ungulaye iri biyu na Afirka. Ku duba wannan sauri.

Da muka karanta wa yara wannan, sai wani ya ce, "Malam, to ina za mu gan ta kafin ta ƙare?" Wannan tambaya ita ta haifi tafiyarmu. A ƙasashen Turai akwai mutane da yawa waɗanda kallon tsuntsaye shi ne abin sha'awarsu, in suka ji labarin wani tsuntsu da ba a cika gani ba ya sauka a wani wuri, sai su bar aiki su hau jirgi su yi tafiyar ɗaruruwan mil don su gan shi su rubuta. Mu namu abin mamakin shi ne, tsuntsun da za mu yi wa tattaki ba baƙo ba ne daga wata uwa duniya, ɗan gida ne. Muka bincika, aka ce mana in muna son mu sa rai, mu nufi gandun dajin Yankari a ƙasar Bauchi.

Muka nemi iznin iyaye, aka yi karo-karo. Ba duka ne suka yarda ba. Wani uba ya dube mu ya ce, "Malam, ka ce giwa za ku je gani mana, in san abin da zan gaya wa mutane. Ungulu fa? Kazamar tsuntsuwa mai cin mushe?" Muka ce masa giwa ma za a gani in Allah Ya yarda, amma giwa tana da masu yi mata kuka, ungulu ba ta da kowa. Ya yi dariya, ya ba da kuɗin mota. Muka tashi mu takwas, malamai biyu da yara shida, da tabaron hangen nesa guda ɗaya na aro, da littafin hotunan tsuntsaye, kowane yaro kuma da ɗan littafin rubutu da fensir.

Cikin watan Maris ne, zafi ya fara, lokacin da ruwa ke ƙafewa a dawa, namun daji su kan matso bakin kogi. Bayan sallar asuba muka hau mota a tashar Unguwa Uku. Fasinjoji da suka ji abin da ke tafe da mu suka yi ta yi mana ba'a, wata tsohuwa har ta ce, "'Ya'yan nan, in kun same ta ku gaishe ta, ku ce mata mun kwana biyu." Muka bi hanyar Maiduguri, muka wuce Hotoro da Mariri, muka haye gadar Wudil inda muka ga balbelu da zalɓe suna kiwo a bakin ruwa. Muka wuce Birnin Kudu, muka karkata kudu zuwa Ningi, duwatsu suka fara bayyana. Mun ba kowane yaro aiki, ya rubuta sunan duk tsuntsun da ya gani ta taga. Suka rubuta hankaka, da shirwa, da kurciya, da hasbiya, da cilakowa. Duk garin da muka shiga sai su leƙa sama wajen kasuwa da mayanka. Tafiyar kusan mil 200 daga Kano zuwa Bauchi, ta cikin garuruwa masu kasuwa da mahauta, ba mu ga ungulu ko ɗaya ba. Yara suka rubuta wannan ma, domin mun gaya musu rashin ganin abu shi ma labari ne, in an rubuta shi da rana da wuri.

Muka kwana a Bauchi. Da safe muka ɗauki hanyar Gwambe, a Dindima muka karya kwana zuwa kudu, muka isa ƙofar gandun a Mainamaji. Daga ƙofa zuwa masauki na Wikki akwai sauran fiye da mil 25, duk daji ne, ba gida ba gona. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in mil 850, kogin Gaji ya ratsa ta tsakiyarsa, an kuma lissafa tsuntsaye fiye da iri 350 a cikinsa. A masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garau mai ɗumi, zafinsa digiri 31 rani da damina. Gwaggon biri da gadu suna yawo a tsakar masauki kamar awakin gida, sai mutum ya yi hattara da guzurinsa.

Rana ta farko da ta biyu muka fita da jagora cikin mota, muka bi gefen Gaji. Mun ga gwambaza, da mazo, da ɓauna daga nesa, da kada kwance a kan yashi, da sawun giwa sabo da kashinta. Mun ga burtu yana tafe a ƙasa yana taƙama, da garken zabin dawa, da carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska. Littattafan yara suka cika da sunaye. Amma abin da ya kawo mu shiru. Daren rana ta biyu ƙaramin cikinsu ya zo ya zauna kusa da mu, ya ce, "Malam, ko dai mun makara ne?" Muka ce masa mai nema yana tare da samu, amma mu ma zuciyarmu ta yi nauyi, gama kuɗin da ke hannunmu na kwana ɗaya ne ya rage.

Jagoranmu, wani ma'aikacin gandun da ya daɗe a dajin, shi ya gyara mana nema. Ya ce, "Malam, kuna fita da sassafe kuna duban itatuwa, ungulu kuwa ba ta sammako. Jikinta da nauyi, kaɗa fiffike yana gajiyar da ita. Sai rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama kamar hayaƙi, sa'an nan ta buɗe fukafukai ta hau kanta. Ku jira hantsi, ku duba sama." Ya kuma koya wa yara yadda za su bambanta ta daga nesa. Shirwa wutsiyarta a tsage ta ke kamar bakin almakashi. Hankaka yana kaɗa fiffike ba hutawa, ga farin ƙirji. Gaggafa kamar ba ta da wutsiya, tana tangaɗi hagu da dama. Ungulu kuwa fukafukanta faffaɗa ne, a miƙe kamar allo, bakinsu a rarrabe kamar yatsu, tana kewaya ba ta motsa su.

Rana ta uku da hantsi muka tsaya a wani fili kusa da kogi, muka kashe mota, kowa ya ɗaga kai. Rana tana dukan ido, wuya ya ƙage. Sa'a guda ta wuce. Sai wani yaro ya nuna gabas, muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, ga wani abu can, ba ya kaɗa fiffike!" Ɗigo ne baƙi, kamar ƙuda a jikin farin ƙyalle. Ya yi ta kewaya yana girma, can sai ga na biyu a bayansa. Jagora ya karɓi tabarau ya duba, ya ce, "Su ne." Suka yi ta saukowa sannu sannu, suka miƙe ƙafafu, suka sauka a kan wani busasshen reshe na dogon itace a ƙetaren ruwa, inda jagora ya ce akwai ragowar wata dabba da ta mutu a cikin ciyawa.

Tabarau ɗaya, mutum takwas. Muka sa doka, kowa ya ƙirga ashirin a zuci ya miƙa wa na kusa. Ga abin da muka gani. Jikinta baƙi-baƙi ne mai ruwan ƙasa. Fuskarta da maƙogwaronta ba gashi, fata ce ja-ja, in ta harzuƙa sai ta ƙara ja. Daga ƙeya zuwa bayan wuya akwai lallausan gashi fari-fari, kamar ta sa hular sanyi. Bakinta siriri ne dogo mai lanƙwasa a ƙarshe, da shi ta ke tsintar naman da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa, inda manyan ungulaye ba su iya kaiwa. In ta buɗe fukafukai faɗinsu ya haura ƙafa 5. Ɗaya ta sauka ƙasa, ɗaya ta zauna a reshe tana gyaran gashinta a natse, kamar ba ita duniya ke nema ba.

Ba wanda ya yi magana sai da suka tashi. Sa'an nan ƙaramin nan ya ce, "Malam, wannan ce Baba na kasuwa ya ce ana kora da sanda?" Muka ce ita ce. Ya buɗe littafinsa ya rubuta rana, da sa'a, da wuri, ya rubuta, "Ungulu, 2." Tafiyar kwana huɗu, da mil fiye da 250, sakamakonta ke nan, kalma ɗaya da lamba ɗaya. Amma gani ya kori ji. Yaran nan shida yanzu in aka ce ungulu ba kya jewar banza, sun san yadda jewar ta ke.

To, me ya cinye ungulu? Dalilai ne suka taru. Na farko kuma mafi girma a ƙasashenmu, farautarta don tsibbu. Akwai masu gaskata cewa kanta, ko ƙwanta, ko ƙafarta, suna ba da sa'a ko sanin gaibu ko maganin hauka. Babu wani binciken likita da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma kasuwa ba ta jiran hujja, kuma gwargwadon ƙarancinta gwargwadon tsadarta, gwargwadon tsadarta gwargwadon himmar mafarauta. A 2020 aka kashe ungulayen gari fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, da yawa an iske an sare musu kai. Kafin wannan, a 2013, masana a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata 'yar farar ungulu, irin wadda a ke kira ta Masar, ƙaramar na'ura mai nuna inda ta ke. Ta ƙetare Sahara lafiya, ta zo ta yi rani a ƙasar Damagaram. A 2014 wani maharbi ya kashe ta don ya sayar a Nijeriya. Ta tsira daga hamada, ba ta tsira daga kasuwarmu ba.

Na biyu guba. Makiyayi ko manomi ya kan sa guba a mushe don kura ko karnuka, ungulu ta riga su zuwa, mushe guda ya kashe garke. A Botsuwana a 2019 ungulaye 537 suka mutu a kan gawar giwaye da mafarautan haure suka sa wa guba. Na uku sare manyan itatuwa, gama ungulu ba ta sheƙa sai a kan dogon itace irin su rimi da maɗaci da kuka da giginya. Ku duba unguwarku ku ƙirga irin waɗannan da suka rage. Na huɗu ƙarancin abinci, domin yanzu a mayanka kusan babu abin da a ke zubarwa, kome yana da mai saye.

Abin da ya sa waɗannan suka yi mata illa da sauri shi ne yadda ta ke haihuwa. Zabuwa ta kan zuba ƙwai da yawa a damina guda. Ungulu ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan ya zauna a sheƙa wata uku zuwa huɗu, bayan ya tashi ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi, sa'an nan sai ya yi shekaru kafin shi ma ya isa haihuwa. Ga lissafi, ku yi shi a allo. A ce gari yana da ungulu 200, watau mata da miji 100. A ce rabin ƙwan ne ke rayuwa, 'ya'ya 50 ke nan a shekara. In tsufa da ciwo suka ɗauki 30, mafarauta suka ɗauki 40, shekara nawa za a yi kafin garin ya wayi gari ba ko ɗaya? Ku tuna kuma kowace shekara masu haihuwar raguwa su ke yi.

Wataƙila wani zai ce, to in ta ƙare sai me? Amsar tana ƙasar Indiya. Can ungulaye miliyoyi ne a da, su ke cinye gawar shanu. A shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna dikulofinak. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace, ta mutu. Tsakanin 1992 da 2007 wani iri na ungulun ƙasar ya ragu har cikin kowace 1,000 ɗaya ce ta saura. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwan sha, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. Ungulu tana da ruwan ciki mai ƙarfi ƙwarai wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, abin da ta ci ya ƙare ke nan. Kare da ɓera da ƙuda kuwa in suka ci, gida su ke kawo mana. Ashe wadda mu ke kira ƙazama ita ce mai sharar gari, ba albashi ba godiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mu rubuta wannan don kowa ya tashi zuwa Yankari ba, ba kowa ke da hali ba. Abin da mu ke roƙonku ya fi wannan sauƙi. Kowannenku ya sami ɗan littafi, ya zaɓi wuri guda kusa da gida ko makaranta, ko filin wasa, ko bakin kududdufi, ko gindin wata tsamiya. Sau ɗaya a mako ya tsaya rabin sa'a, ya rubuta rana, da sa'a, da sunan kowane tsuntsu, da adadinsa. Kada ku raina na kullum. Ku rubuta hankaka, da kurciya, da balbela, da tsattsewa. Ku rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a unguwarku gabanin damina, da itacen da ta yi sheƙa, da ranar da ta tafi. In ba ku san sunan tsuntsu ba, ku zana shi, ku kai wa kakanninku, ku rubuta sunan da suka faɗa, gama sunayen ma suna ɓacewa tare da masu su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, tsuntsun da ya cika gari yau shi ne ungulun gobe in ba a kula ba.

Wannan aiki kuwa yana da inda za a kai shi. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2002. Daga 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, aka raba ƙasar duka gida-gida, kowane gida wajen mil 5 da rabi ta kowane gefe, masu sa kai suna rubuta abin da suka gani a gidansu suna aikawa ta wayar hannu. Yawancin masu wannan aiki samari ne da 'yan mata, ba su fi ku da kome ba sai haƙurin tsayawa su duba. Ku roƙi malamanku su kafa muku ƙungiya a makaranta. Asabar ta farko a watan Satumba kowace shekara ita ce Ranar Ungulu ta Duniya, rana ce mai kyau ta fara wannan.

Saura abu biyu. Kada ku harbi tsuntsu da danƙo don wasa, kada ku kwashe ƙwai a sheƙa. In kuma kuka ji wani babba a gida yana neman kan ungulu don magani, kada ku yi masa rashin kunya. Ku jira ya huta, ku gaishe shi, ku karanta masa labarin Indiya, ku bar shi ya yi tunani. Wanda kuwa Allah Ya nufa ya ga ungulu a ko'ina cikin ƙasar Kano, ya rubuto mana rana da wuri da adadi, amma kada ya yayata inda sheƙarta ta ke, domin ba duk mai tambaya ne mai kallo ba.

Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya sa ku girma ku iske sararin samanku da sauran masu jewa. Amin.